Kayan da Mai Ƙaura Ba Ya Ɗauka

Da zarar an kai gero rumbu, dawa ta nuna, mai bin titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Shagari da Dogon Daji da Tambuwal ya nufi Jega ba ya rasa cin karo da masu ƙaura. Wani lokaci sai direba ya tsaya cik su gama tsallakawa. Shanu ne a gaba da samari masu sanda a kafaɗa, tumaki na biye, can baya kuma mata da ƙananan yara tare da jakuna da takarkari. Daga tudu suka fito inda suka yi damina, sun doshi kudu wajen fadamun gulbin Zamfara ta ɓangaren Kebbe, wasu ma su zarce har ƙasar Yawuri da bakin Kwara.

Abin da ke bayan dabbobin nan gida ne sukutum. Akwai tabarmi da asabari a naɗe, da sandunan gado, da turmi da taɓarya, da tukunya ɗaya ko biyu. Akwai ƙore a jere, ƙarama cikin babba, kowace da faifanta, an sa su cikin raga an ɗaure don kada su fashe. Akwai ludayi da maburgi da goran kaɗa nono, da dangwalin ɗaure maruƙa, da kaji a cikin akurki suna leƙe. A 'yan shekarun nan an ƙaru da jarkar roba, da tamfol, da gidan sauro, da ɗan faifan sola mai faɗin littafi na cajin waya da fitila. A saman kayan a kan ɗora yaron da ƙafarsa ba ta kai tafiya ba, ko ɗan maraƙin da aka haifa daren jiya.

Matar gida ce ta ɗaure wannan kaya, ita ce kuma za ta kwance shi. Ɗakin nata ne, ba na miji ba. In an sauka, kafin maza su gama tsayar da shanu ta riga ta shiga daji ta saro geza ko sabara, ta kafa su da'ira, ta tanƙwaro kawunansu ta ɗaure da ɓawon kalgo, ta lulluɓe da ciyawa ko kara, ta bi da tamfol in akwai. Ta kafa gado, ta jera ƙorenta a mazauninsu, ta ajiye duwatsu uku ta hura wuta. Kuma ba a saukar da kaya yadda aka ga dama. A rugage da yawa ƙofar ɗaki yamma take kallo, inda shanu ke kwana, dangwali na tsakani, ɗakin uwargida na da gefensa, na amarya na da nasa. Ko an sauka sau goma a rani guda tsarin ba ya sauyawa, shi ya sa yaro ke iya tashi cikin duhu ya miƙa hannu ya ɗauko ludayi a wurin da jiya ko sunansa bai sani ba. Na daɗe ina ganin wannan a matsayin gwaninta da ba a yaba mata yadda ya kamata. Mu da ke zaune a gida ɗaya shekara talatin mukan nemi almakashi mu rasa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba kayan da ta ɗauko ba ne. Kayan da ba ta ɗauko ba ne.

Ba ta ɗauko rumbu ba. Abin da ke cikin buhunta bai wuce na kwanaki ba, domin ta san gobe za ta ɗauki ƙwarya ta shiga gari, ta sayar da nono da man shanu, ta auno gero ta sayo gishiri da daddawa. Ba ta ɗauko itacen ɗaki ba, domin ta sa rai akwai dajin da ba a hana sara. Ba ta ɗauko ruwa ba sai na sha a hanya, domin ta sa rai akwai mashaya ko rijiyar da za a bar ta ta zura guga. Filin da za ta kafa ɗakin ma ba nata ba ne, gonar wani ce da ya kwashe amfaninsa. Ashe rabin gidanta yana hannun mutanen da ba ta iso wurinsu ba tukuna. Sauƙin kayanta ba wai don ba ta buƙatar komai ba ne, yarda ce ta yi cewa abin da ta bari za ta tarar a gaba.

Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne a riƙa kwatanta mai ƙaura da mutumin da ya yanke hulɗa da kowa, ya wadatu da kansa. Babu wanda ya kai shi buƙatar mutane. Mai gida na kulle ƙofa ya yi wata bai nemi kowa ba in rumbunsa cike yake da rijiya a tsakar gida. Mai ƙaura ba ya kwana uku sai da alherin wani.

Haka abin yake har a ƙasashen da ƙaurar ta koma bisa taya. A Amurka akwai mutanen da ba su da wani gida sai mota, wasu babba mai gado da murhun gas da tankin ruwa da makewayi a ciki, wasu kuwa ƙaramar motar kaya ce suka cire kujeru suka shimfiɗa katifa. Akwai masu hali da suka zaɓi haka bayan ritaya, akwai kuma waɗanda rushewar tattalin arziki ta 2008 ta raba da gidajensu. Su ne 'yar jarida Jessica Bruder ta bi ta rubuta littafin Nomadland a 2017, wanda fim ɗinsa ya ci kyautar Oscar a 2021. Dattawa ne da yawansu, a lokacin da ta bi su suna bin aikin lokaci-lokaci, yau a rumbunan kayan Amazon gab da Kirsimeti, gobe a gonakin gwozar sukari, in sanyi ya tsananta su gangara hamadar Arizona su taru a wani ɗan gari, Quartzsite. Cin rani ke nan, ko da ba su kira shi haka ba. Su ma kowane cokali na da mazauninsa, su ma suna auna ruwa da kofi. Kuma su ma babbar damuwarsu kullum in rana ta yi sanyi ita ce ina za a bar su su kwana. A yawancin filayen gwamnatin tarayya kwana 14 aka yarda mutum ya yi sannan ya tashi. Kantunan Walmart sun yi suna wajen barin masu mota su kwana a farfajiyarsu, amma da yawa sun daina. Garuruwa da dama sun haramta kwana a mota, kuma a watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar garin Grants Pass, ta ce gari na da ikon hukunta mai kwana a filin jama'a. Mota mai tsada da sola a rufinta ba ta raba mai ita da abin da ya dami Bafulatana mai jaki.

A ƙasarmu an daɗe da samo wa wannan buƙata tsari, kuma tsarin ba na sadaka ba ne. Manomi ne da kansa ke zuwa wurin Arɗo ya ce, "Arɗo, bana a sauka gonata." Shanu su ci kara da harawar da ta rage, su kwana a gonar su zuba taki, ana matsar da makwancinsu daga wannan kusurwa zuwa waccan har gonar ta samu ko'ina. Mai gona kan ba da damin gero ko dawa, wani ya haɗa da goro. Matar manomi ta sami nono a ƙofar gida, matar makiyayi ta sami wadda za ta bar wa ajiya. Akwai iyalan da kakanninsu suka fara wannan hulɗa, jikoki suka gada, kowace kaka an san baƙin wane ne za su iso. Tsakanin gonaki kuma an bar burtali, an bar mashaya a bakin gulbi, maigari ya san iyakarsu, kowa ya sani.

Ba rana ɗaya abin ya lalace ba, kuma ba mugunta ce ta fara lalata shi ba. Jama'a sun ƙaru, gona ta ci daji. Takin zamani ya zo, manomi ya ga ba lallai sai da shanu ba. Kara da harawa da ƙaiƙayi da a da ake bari a gona sun zama kuɗi, domin manomin ma yanzu yana da shanun huɗa da ragunan kiwo, abin da ya rage kuma ya kai kasuwa. Injin ban-ruwa ya shigo fadama, musamman tun shirin Fadama na shekarun 1990, sai wurin da shanu ke cin rani ya koma albasa da shinkafa da tattasai, kore shar a daidai lokacin da dabba ke neman hanyar ruwa. Ba wanda zai ga laifin manomin Kebbe don ya noma fadamarsa da rani, da ita yake ciyar da 'ya'yansa. Sai dai duk kadadar da aka ƙara, an rage wani yanki na gidan da matar makiyayi ta sa rai za ta tarar. Gwamnatin Jihar Arewa ta hango haka tun 1965 ta yi dokar filayen kiwo. An ware sama da 400 a faɗin ƙasa, amma waɗanda aka tabbatar a hukumance ba su kai rabi ba, da yawa kuma an nome su. Ƙungiyar ECOWAS ta yi nata tsarin zirga-zirgar makiyaya a 1998. Takarda ba ta hana a shuka gero a tsakiyar burtali ba.

Ba kuma zan ɓoye ɗaya gefen ba, domin masauki hakki biyu ne. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ana ɗaukar nauyinsa ne saboda an san ba zai cinye gida ba. Makiyayin da ya saki shanu cikin dare a gonar da ba a girbe ba, ko ya bar wa yaro ɗan shekara goma garken da ya fi ƙarfinsa, ya cuci mai gonar, ya kuma rufe ƙofa ga duk mai zuwa bayansa. Manomin da ya wayi gari ya tarar da wahalar damina guda a tattake ba zai saurari tarihin zumunci ba. Wannan yanki ya san haka tun da daɗewa. Bayan hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804, jama'arsa sun yi ta ƙaura da iyali da littattafai, suka zauna Sabon Gari a ƙasar Zamfara kafin su koma Gwandu a 1805. Zamfarawa sun karɓe su da farko, amma da yunwa ta matsa, neman abinci ya yi wa masu masauki nauyi, sai zumuncin ya yi tsami. Daga baya Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ta ƙarfafa wa Fulani gwiwa su zauna a garuruwan ribaɗi, kuma Tambuwal kanta mazaunin ɗan'uwansa ce, Buhari ɗan Shehu. Da yawa daga cikin masu gonakin yau jikokin masu ƙaurar jiya ne.

Sannan akwai abin da ko an so ba a iya ɗorawa a jaki. Ba a ɗora asibiti. Mace kan haihu a mashekari, in abin ya zo da gardama sai a nemi babur cikin dare. Makaranta an gwada: a 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa, har aka yi azuzuwan da ake kwancewa a tafi da su, amma malami na da nasa iyali, ba kowa ke jure bin garke ba. Duk mai sha'awar rayuwar ruga daga cikin mota mai sanyi ya kamata ya sa wannan a lissafi.

Yanzu ga rashin tsaro ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Ɓarayin daji sun kashe manoma, sun kori ƙauyuka, sun kuma kore shanun makiyayan da ba su ji ba ba su gani ba. Mutumin gari ya hango bukka a bayan gonarsa gabansa ya faɗi, ba ya iya bambance baƙon kakansa da wanda zai zo masa da dare. Bafulatana mai tallan nono ta shiga kasuwa tana jin idanu a bayanta. Tsoron kowane ɓangare na da dalili, ba na raina ko ɗaya. Amma ina ganin masu unguwanni da hakimai a Tambuwal da Kebbe na da aikin da ba sai an jira Abuja ba: a san wa ya sauka, a gonar wa, da yardar wa, Arɗo ya zo ya gabatar da mutanensa kamar yadda ake yi a da, a sake bin burtali da mashaya a kafa musu alama tun kafin ruwan farko, ɓarna kuma a kimanta ta a biya a gaban shaidu ba tare da an kai ga sanda ba. Baƙon da aka san sunansa da mai masaukinsa ya fi wuyar zama abin tsoro.

Inda hakan bai samu ba, ana ganin sakamakon a jikin ayarin kansa. Wasu sun fara ɗaukar hatsin wata guda saboda ba su da tabbacin kasuwar da za su shiga lafiya, har sai an yi hayar mota ta kwashi kayan. Wasu sun daina tafiya da iyali gaba ɗaya: an kafa wa mata da tsofaffi bukkoki na dindindin a gefen gari, an bar musu 'yan shanun tatsa, samari kaɗai ke bin garke kudu da tabarma da tukunya ɗaya da waya. Su ne ke yin watanni babu uwa babu uba a kusa, babu dattijon da zai je ya gai da maigari kafin a sauka, kuma su ne aka fi samun rigima da su a hanya.