Halal da Haram a Tayin Kasuwannin Guangzhou

A kasuwannin Guangzhou ta ƙasar Sin, inda fataken Kano ke sarin kaya, farashin farko na buɗe baki ne kawai. Mai shago yakan danna kuɗi a kalkuleta, baƙo ya goge ya danna nasa tayin. Shari'a ba ta hana haka ba, tunda ciniki yardar juna ne. Ƙarya ce ta haramta, kamar mai saye ya ce an sallama masa da araha a wani shago alhali ko leƙawa bai yi ba. Haka ma shiga cinikin wani bayan sun daidaita da mai shago. A wajen Malikiyya, wanda ya ce a sayar masa yadda ake sayar wa kowa, sannan aka tsuga masa kuɗi, yana da damar mayar da kayan.