Haƙƙin Ma'aikaci Bashi Ne a Wuyanku

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, ya ku masu kamfanoni da manajoji, ku ji tsoron Allah game da bayinsa da ke aiki a ƙarƙashinku.

Ku dubi lebura a masana'antun Sharada da Challawa da Bompai. Ya idar da sallar asuba, ya tako da ƙafa, domin kuɗin mota ya gagare shi tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Ya wuni a tsaye gaban inji, ƙura a hanci, ƙara a kunne. Wata ya ƙare, ya duba waya, shiru. Ya je ofis, aka ce masa, "Malam, ka ƙara haƙuri, kasuwa ba ta tafiya." Mai shago ya daina ba shi bashi, an koro yaronsa daga makaranta, a watan nan kuma maigidan kamfani ya sake mota. Subhanallah!

A Yulin 2024 aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi, naira dubu 70, dokar kuma ta ɗauke wa wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. To ku sani, Allah bai ɗauke wa kowa ba. Ya tabbata a Bukhari cewa mutum uku Allah da kansa zai yi shari'a da su ranar ƙiyama, cikinsu akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Wa zai tsaya muku a ranar? Umrar da kuke zuwa duk azumi ba ta sauke wannan nauyi, masallacin da kuka gina ba ya sauke shi, domin haƙƙin bawa sai bawa ya yafe.

Kai kuma manaja, amana aka damƙa maka. Ka zaftare albashin wanda ya makara, ka ƙi biyan wanda ya kai dare yana aiki, wannan tauye mudu ne. Ka zagi sa'an mahaifinka a gaban jama'a, ka ƙara wa ɗan ƙanwarka girma, ka kori wanda ya gaya maka gaskiya, duk a rubuce suke.

Ma'aikata, ku ma kada zalunci ya ja ku ga sata ko ha'inci. Ku nemi haƙƙinku baki ɗaya, ido da ido.

Don Allah, 'yan'uwana masu ɗaukar aiki, kada watan nan ya ƙare da albashin wani a hannunku. Ku buɗe littafi yau, ku biya bashin baya, ku kira waɗanda kuka ci wa mutunci ku nemi gafararsu.