Kan Jirgi a Tafin Hannu

A Kwaya, cikin ƙasar Magariya, ba wanda ya taɓa jin kukan jirgin ƙasa daga ƙofar gidansa. Layin dogo yana can hayin iyaka, wanda ya taso daga Kano ya bi ta Ringim da Malam Madori ya tuƙe a Nguru a shekarar 1930. Duk da haka jirgi ba baƙo ba ne a bakin tsofaffi, domin a zamanin cinikin gyaɗa wani kaso na amfanin gonar wannan ƙasa kudu yake yi bisa jakuna da raƙuma da manyan motoci, har ya tarar da taragon da zai kai shi bakin teku. Manomi ya san gyaɗarsa ta hau jirgi, shi kuwa sai labari.

To, a ɗauka cewa wani magidanci na garin ya dawo daga ci-rani a Kano, a ƙasan jakarsa akwai wani kwali da ya naɗe da rawani. A ciki akwai ɗan ƙaramin kan jirgi mai aiki da batir, da taragu uku, da layin roba da ake harhaɗawa ya zama da'ira. Ya ce tsarabar yara ce. Amma da aka shimfiɗa tabarma shi ne ya durƙusa, shi ne hannunsa ya yi rawa wajen ɗora ƙafafun a kan layi, kuma da injin ya motsa dariyarsa ta riga ta kowa fita. Ashe shekara biyu yana wucewa ta gaban shagon yana duba ko an sayar. Maƙwabta suka kawar da kai, wani ya ce babba da wasan yara. Shin wannan murna abin kunya ce ga mai hankali?

Mutumin yana da ƴan'uwa da yawa a duniya, ko da bai sani ba. Tun 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya baje kolin ƙaramin jirgi mai wani da layinsa a Leipzig, Frank Hornby na Ingila kuma ya fitar da nasa a 1920. Awon da ya fi yaɗuwa a yau shi ne wanda ake rage jirgi sau 87, har kan jirgi mai nauyin tan ɗari ya zauna a tafin hannu. A Hamburg akwai gidan kallo da aka buɗe a 2001 inda ƙananan jirage ke yawo cikin ƙananan birane, mutane na bin layi su biya kuɗi su gani. Da yawa daga masu tara irin waɗannan injuna dattijai ne masu furfura, kuma ba kowane inji suke so ba. Kowa da nasa: wannan yana neman irin wanda yake wucewa ta bayan gidansu yana yaro, wancan irin wanda ubansa ya tuƙa. Sai mutum ya yi shekaru yana cigiya, ranar da ya samu ya kasa cin abincin dare.

Zargi biyu ake yi wa irin wannan murna. Na farko almubazzaranci, kuma hukuncinsa ba wuya: in rumbu ya yi ƙasa, kuɗin batir kuɗin tiyar hatsi ne, kuma wanda ya bar iyalinsa da yunwa don abin wasa ya yi laifi, kamar yadda mai kiwon tantabara ko mai ƙawata doki zai yi laifi in ya yi haka. In kuwa ya sauke nauyin gidansa, ragowar tasa ce.

Zargi na biyu ya fi nauyi. Ana cewa yaudarar kai ce: mutumin da ƙasarsa ba ta da jirgi ya rungumi inuwar jirgi, rashin uwa ya sa ya yi uwar ɗaki, kuma duk wanda ya gamsu da inuwa zai daina neman ainihi. Maganar tana da kama da gaskiya, sai dai ta manta da wani abu. Yaudara tana buƙatar da'awa, abin wasa kuwa ba ya da'awar komai. Ba ya cewa zai kai kowa Kano. Mai shi ya san roba ce, ya san da'irar ba ta zuwa ko'ina, kuma cikin wannan sani yake murnarsa. Yaron da ya ƙera motar langa-langa ko ta kara shi ma haka: ya san ba za ta ɗauki buhu ba, amma kafin ya lanƙwasa wayar farko ya tsaya a tasha ya ƙidaya tayoyin babbar mota, ya duba inda sitiyari ke haɗuwa da ƙafafun gaba, ya lura da abin da fasinjan da ya yi shekara ashirin yana hawa bai taɓa lura da shi ba. Abu mai girma yakan wuce mutum da ƙara da ƙura, ya bar shi da tsoro ko mamaki kawai. In an ƙanƙanta shi sai ido ya iya kewaye shi, hankali ya samu inda zai kama. Murnar magidancin nan ta mai fahimta ce, wanda abin da ya fi ƙarfinsa ya tsaya cak ya bari a dube shi.

In ana neman inuwar da ta yi da'awar ainihi, ba a tabarmar Kwaya take ba. A 2014 aka soma shimfiɗa layin dogo daga Yamai zuwa Dosso, wajen kilomita 140, aikin kamfanin Bolloré na Faransa, aka kuma yi bikin buɗe shi a Janairun 2016. Ƙarfen na gaske ne, tashar ta gaske ce, an hau an yi hoto. Amma ba a haɗa shi da layin Parakou da ke gangarawa Kwatano ba, shari'a ta sarƙe aikin a Benin, jirgin bai zama abin hawan jama'a ko na kayansu ba. Nan ne aka ce wa mutane ga jirgi, suka gaskata. Layin Kano zuwa Maraɗi, da aka ɗora harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Katsina da Jibiya aka zana shi, ba ta ƙasar Magariya ba.

Abin da za a iya riƙe magidancin da shi daban ne, kuma ƙarami ne: in ya mayar da kwalin ƙasan akwati ya hana yara taɓawa, murnar za ta bushe ta zama gadi. Inji na saye ma rauninsa ke nan, haƙori ɗaya ya karye a cikinsa ba maƙerin da zai gyara. Amma yaran da suka yi cirko-cirko a bakin tabarmar sun riga sun gama kallonsu. Kafin batir ya mutu za a ga gwangwanayen madara biyar a jere, an huda su an ɗaure da waya, an yanka tsohon silifa an yi musu ƙafafu, na gaba an kafa masa guntun kara a matsayin bututun hayaƙi. Wani yaro yana jan zaren a lungu, yana yin kukan jirgi da bakinsa yadda ya zaci yake.