Gonar Kawu

Mahaifin Kawu ya taso daga wani ƙauye na ƙasar Maraɗi da niyyar zuwa Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare masa a Fort-Lamy, ya ce bari ya ɗan zauna ya tara wani. A nan aka binne shi. Ya bar wa ɗansa wuƙar fawa da labarin wata gonar gero da ya baro a gida, wadda take ƙara faɗi duk ranar da aka sake ba da labarinta.

Kawu ya sami aiki a mayankar Farcha tun kafin a sauya wa birnin suna zuwa N'Djamena a 1973. Kullum da asuba yakan hau kekensa daga Milezi, ya yi fiɗa, ya saɓa nama zuwa ɗakin sanyi. Duk ƙarshen wata sai ya jefa wani abu a cikin gwangwanin madara, ya ce na gona ne. Kuma babbar gona yake nufi, can wajen Karal, inda Tafkin Chadi ya janye ya bar ƙasa mai laima, ana shuka masara ba a jiran ruwan sama. Abokan aiki suka laƙaba masa Sarkin Noma, shi kuwa yana amsawa.

Gwangwanin bai taɓa cika ba. Yaƙin 1980 ya kora su Kuseri cikin kwalekwale, suka cinye abin da ke ciki. Farin 1984 ya sauke masa dangi a tsakar gida. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, injin ban-ruwan da ya daɗe yana tayawa ya yi tsadar da ko tayi bai sake yi ba.

A shekarar ce wani tsoho mai lambu a bakin kogin Shari, wanda Kawu yakan kawo wa takin mayanka kyauta, ya ce ya ba shi aron fangali uku ya taɓa. Kawu ya yi godiya, ya ce shi da ke shirin noman da sai mota ta kwashe, ina shi ina latas. Matarsa, wadda ake kira Inna, tana bayan ƙyaure tana ji. Washegari ta ɗauki bokiti ta gangara. Kawu ya ce wasan mata ne, amma miyar wasan yake ci kowane dare.

Da ya cika shekara 60 aka sallame shi, aka ba shi haƙƙinsa. Kafin kuɗin su kwana biyu wani dillali ya yi sallama da zancen fili a Karal, Kawu ya shirya zuwa gani. Inna ta ɗaure masa guzuri, ta ce, "Malam, a dai duba da kyau, hangen Dala ba shiga birni ba ne." Ya ce ta bar maganar.

Filin kuwa ya amsa sunansa, baƙar ƙasa har iyakar ganin ido. Dillali na ta zuba, Kawu na gyaɗa kai. Sai wani manomi da ke aiki a gefe ya matso suka gaisa, ya tambaye shi wane iri zai shuka, kuma in ruwa ya dawo da wuri bana yaya zai yi, don tafkin ba ya shawara da kowa. Kawu ya buɗe baki, ya ga babu abin da zai fito. Don ya kawar da zancen sai ya ce a miƙo masa fartanya. Bai kai rabin layi ba ƙugunsa ya riƙe, tafin hannun da ya shekara kusan arba'in yana riƙon wuƙa ya yi bororo.

Dillali ya ce ai wannan ba komai ba ne, mai gona ba ya duƙawa. A ɗauki 'yan ƙwadago, shi ya shimfiɗa tabarma a inuwa, da kaka a kai masa buhuna har gida. Takarda tana aljihu, hannu kawai zai sa.

Kawu ya ce a bari sai da safe. Daren nan bai runtsa ba, kuɗi na ɗaure a cikinsa, sauro na kai kawo. In ya sa hannu, gobe duk Milezi za ta ji Sarkin Noma ya sayi gona, masu dariya su rufe baki. Sai dai ya auna ya ga a zaman tabarma ko sunan ciyawar da ake nomewa ba zai sani ba, kuma duk yaron da ya ɗauka aiki zai gane haka tun ranar farko. Ya tuna mahaifinsa bai taɓa faɗin buhu nawa gonar da ya baro a gida take bayarwa ba, zancensa kullum yadda ƙasa take ƙamshi ne bayan ruwan farko, da yadda ake gane gero ya ji ƙishirwa.

Da gari ya waye ya ba dillali kuɗin motarsa da na goro, ya ce Allah bai yi ba.

Kwana uku bai fita ko ƙofar gida ba. A na huɗu, bayan sallar asuba, Inna ta ɗauki bokitinta sai ta gan shi tsaye a zaure da wani bokitin. Ya yi gyaran murya ya ce ko akwai aikin da mutum zai kama. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce akwai ɗiban ruwa, amma da sharaɗi: a lambu ita ce malama, kuma kada ta ji sunan Karal.

A makon farko ya yi dashen latas da tsakar rana, duk suka kwanta. Ya cire albasa yana zaton ciyawa ce. 'Yan lambu suka yi dariya har suka gaji. Da rabin kuɗin sallamar ya sayi ɗan injin ban-ruwa, maƙwabta na biyan kuɗin mai ana ba su. Fangali uku suka zama goma sha biyu, da kuɓewa da yakuwa da karas.

Ambaliyar 2022 ta shafe lambunan bakin kogi ƙaf. Da ruwa ya janye, samari suka zo suna tambayarsa yaushe za a fara yayyafa iri. Kawu ya duƙa ya dunƙula laka a hannu, ya murza, ya ce a ba ta kwana goma. Inna, tana tsintar duwatsu ba ta ko ɗago ba, ta ce sha biyar. Kawu ya ce, to, kun ji, sha biyar.