Amanar Baƙo a Lokacin Tarzoma

A fiƙihu, amana alkawari ne na tsare ran wanda ba Musulmi ba da dukiyarsa muddin yana zaune cikin Musulmi. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda har gobe ake biyawa a zaurukan malamai a Garo da sauran garuruwan Kabo da Gwarzo, ta nuna cewa ko mafi ƙanƙantar Musulmi ne ya ba da ita, ta hau kan kowa, har ta mace da ta yaron da ya san ma'anarta. Cikin hujjojin malamai akwai ƙissar Ummu Hani, wadda ta ba da mafaka ranar buɗe Makka, Annabi (SAW) kuma ya tabbatar da ita.

An jarraba wannan hukunci a Kano a 1966. A ƙarshen Satumba gidan rediyon Kwatano ya ce ana kashe 'yan Arewa a Gabas, na Kaduna ya maimaita, labari ya bazu ba tare da binciken da aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta wajabta ba. Ranar 1 ga Oktoba sojojin bataliya ta 5 suka yi bore, suka karkashe Ibo a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa. Waɗanda suka tsira suka cika taragai maƙil suka nufi Gabas, cikinsu har da direbobin jirgi da kanikawa masu yawa. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, layin dogon Fatakwal ya yanke. Garo ba ta da layin dogo, amma a lokacin gyaɗar yankin a Kano ake loda ta a jirgi, saboda haka abin ya taɓa aljihun manomi.

Ofisoshin jakadancin Ingila da Amurka da ke Kaduna sun riƙa aika wa gwamnatocinsu rahoto kan tarzomar. Irin wannan rahoto yakan fara da lafiyar 'yan ƙasar jakadan da hanyar fitar da su. Aikin jakada ke nan, ba abin zargi ba ne, sai dai ma'auninsa fasfo ne. Fiƙihu bai ɗora kariyar baƙo kan ƙarfin gwamnatinsa ba, a wuyan mai masauki ya rataya ta. Idan wanda ya fito daga ƙasar abokan gāba jininsa ya haramta da zarar an ba shi amana, balle tela ko akawun da ya shekara ashirin a Sabon Gari, wanda ɗan ƙasa ne ma. Hausawan da suka ɓoye maƙwabtansu a ƙuryar ɗaki a waɗancan kwanaki, su ne suka yi aiki da abin da ke cikin littafi.