Farin Ciki Da Yadda Ake Nuna Shi



Malamai sun bambanta jin daɗi da farin ciki. Jin daɗi na jiki ne, yana gushewa idan abin da ya kawo shi ya gushe. Farin ciki kuwa mazauninsa zuciya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya nuna a littafinsa Kimiya'us Sa'ada cewa tushensa mutum ya san kansa, ya san Ubangijinsa.

To, yaya ake nuna shi? Ku dubi mutum biyu. Ƙaruna ya fito gaban mutanensa cikin adonsa yana taƙama, ƙasa ta haɗiye shi da gidansa. Ka'abu ɗan Maliku kuwa, bayan yaƙin Tabuka, ya kwana 50 musulmi ba sa yi masa magana. Da albishir ɗin karɓar tubansa ya iso, sai ya faɗi ya yi sujada, ya tuɓe tufafinsa ya ba mai albishir, ya ari wasu ya sa.

Mu fa? Magidanci ya sayar da geron rumbu, ya ci bashi domin bikin suna, maroƙa su watse, damina ta iske shi ba iri. Wannan nuna wa mutane ne, ba godiya ba.

Wanda Allah Ya faranta wa, ya gode, ya ciyar da maƙwabci daidai ƙarfinsa, ya saki fuska, don shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Allah Ya ba mu wadatar zuci, amin.