Ko Ya Dace Masani Ya Kai Kansa Gidan Radiyo Da Telebijin?

   

Ya ƴan'uwa Musulmi, akwai wata mas'ala da ke damun masu ilimi na ƙwarai, malamin addini ne ko likita, malamin gona ne ko na dabbobi. Mas'alar kuwa ita ce: shin ya dace mutum ya taka da ƙafarsa zuwa gidan radiyo ko na telebijin, ya ce ga abin da na sani, ku ba ni fili in yi wa jama'a bayani? Ko kuwa wannan neman suna ne, wanda mai tsoron Allah ya kamata ya nisanta, ya zauna gida sai an aiko masa?

Kakanninmu ba su yi fama da wannan tambaya kamar mu ba, domin a zamaninsu ɗalibi ke tafiya zauren malami. Ko bayan da aka buɗe Radiyo Nijar a 1958, wadda aka mayar Muryar Sahel a 1974, gidan guda ne, kuma hukuma ke zaɓen mai magana. Amma bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 sai ƙofa ta buɗe. A tsakiyar shekarun 1990 aka fara jin gidajen radiyo masu zaman kansu irin su R&M da Anfani, daga baya na karkara da gidajen telebijin suka biyo, sannan wayar salula ta zo ta mayar da kowa mai gidan radiyon kansa. Fili ya yi yawa, kuma dole a cika shi da magana dare da rana. Saura a san wa zai cika shi.

Masu gudun fitowa suna da hujja, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. A cikin Suratun Najmi, aya ta 32, Allah ya hana mu tsarkake kawunanmu, ya nuna cewa shi ne mafi sanin mai taƙawa. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira labarin mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar ƙiyama, ɗayansu wanda ya nemi ilimi, ya koyar, ya karanta Alƙur'ani, amma don a kira shi malami, a kira shi gwani. An kira shi kuwa a duniya, ladansa ya ƙare nan, aka ja shi zuwa wuta. Haka nan Manzon Allah (S.A.W.) ya gargaɗi Abdurrahman ɗan Samura da kada ya nemi shugabanci, domin wanda ya nema a kan bar shi da shi, wanda aka ba ba tare da nema ba a kan taimake shi. Bahaushe ma ya ce yabon kai jahilci. Duk wanda ya san yadda zuciya ke kumbura idan aka nuna mutum a kasuwa aka ce shi ne na cikin telebijin, ba zai raina wannan tsoro ba.

To amma akwai wani tsoron a ɗaya gefen. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye, za a sa masa linzamin wuta. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa ilimi na tafiya ne da mutuwar malamai, har mutane su ɗora jahilai a gaba, a tambaye su, su ba da fatawa ba da sani ba, su ɓace su ɓatar. Mu lura, ƴan'uwa: masanin da ke raye amma ya yi gum, ga jama'ar da ba ta san da shi ba, bambancinsa da wanda ya mutu kaɗan ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mun ga abin da jita-jita kan jawo. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar Kano saboda raɗe-raɗin da suka bazu game da maganin, ba a koma ba sai tsakiyar 2004, bayan an tura masana da malamai sun binciki abin. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, Nijar na daga cikin waɗanda suka sha wahalarta, yara suka shanye har ƙarshen rayuwarsu. Sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Idan magana irin wannan ta tashi, likitan da ya san gaskiya ya ce shi kunya ta hana shi fitowa, kunyarsa ba ta tayar da yaron da ya gurgunce.

Ina mafita ke nan? Tana cikin ƙissar Annabi Yusufu (A.S.). A Suratu Yusuf, aya ta 55, shi da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya ambaci siffa biyu nasa: tsare amana da sani. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan halaccin mutum ya faɗi abin da ya iya idan ba a san shi ba, kuma buƙata ta kama. Yunwar shekara bakwai na tafe, babu wanda ya fi shi sanin yadda za a tare ta. Bai ambaci kyawunsa ba, bai ambaci nasabarsa ba, alhali shi ɗan Annabi ne jikan Annabi. Abin da aikin ke bukata kaɗai ya faɗa. Wannan shi ne ma'auni: a gabatar da ilimi saboda matsalar jama'a, a bar tallar kai.

Saboda haka masani na iya zuwa gidan radiyo, ya gana da masu shirye-shirye, ya faɗi fanninsa, da inda ya yi karatu, da inda yake aiki, ya bar musu hanyar samunsa, ya kuma amsa kira a kan lokaci, domin ɗan jarida ba ya jiran gobe. Amma da sharuɗɗa.

Na farko, ya binciki niyyarsa. Ga awo mai sauƙi: idan aka gayyaci wani da ya fi shi iya bayani aka bar shi, daɗi zai ji ko haushi? In haushi ne, to kansa yake nema wa kasuwa.

Na biyu, ya tsaya iyakar fanninsa. Ɗan jarida mai gaggawa yakan tambayi likitan ido maganar siyasa, ya tambayi malamin fiƙihu maganar allura. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48, ya ce bai sani ba a cikin 32, ga shi limamin Madina. Wanda ba ya iya cewa ban sani ba a gaban dubban masu saurare, bai isa zama gaban su ba. Magana zarar bunu ce.

Na uku, ya yi magana da harshen mutane. Buhari ya kawo daga Sayyidina Aliyu umurnin a zantar da mutane da abin da za su gane. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET tun 1974 mai nazarin ruwan sama da amfanin gona, akwai INRAN mai binciken iri. Amma manomin Dakoro ko na Tanut ba ya cin moriyar bayanin da rabinsa Faransanci ne. So yake a gaya masa da Hausa ko ya yi shuka da ruwan farko ko ya dakata, da irin hatsin da ke nuna da wuri. Sai masani ya zauna tun a gida, ya nemo kalmomin, ya zaɓi magana biyu ko uku da yake so a riƙe, domin minti biyar ba su ɗaukar karatun shekara bakwai.

Na huɗu, kada ya sayar da bakinsa. Karɓar kuɗin mota ko ladan lokaci ba laifi ba ne. Amma wanda ɗan kasuwa ya biya don ya yabi maganinsa, ko ɗan siyasa don ya wanke shi, sannan ya fito da rigar masani bai faɗa wa jama'a ba, ya yi algus, ko da rawani ne a kansa.

Mu ma masu saurare akwai namu nauyin. A Suratun Nahli, aya ta 43, an umurce mu da tambayar ma'abota sani. Yawan fitowa a telebijin ba shi ne ilimi ba, haka kaifin baki. Mu tambaya: ina ya yi karatu, wa ya shaide shi? Idan kuma muna da masani mai kunya a unguwa, mu ƙarfafa masa guiwa, mu kai sunansa inda za a neme shi, kada ya fito sau ɗaya mu ce ya fara son duniya.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare mu daga riya da ɓoye gaskiya, ya sa abin da muka faɗa ya zama hujja gare mu ba a kanmu ba. Amin.